Tofin Gwaggo Fanna

A Gwammaja in ka tambayi gidan Gwaggo Fanna, ba mai yi maka kwatance da masallaci ko da injin markaɗe. Cewa za a yi ka bi jan yawun goro, shi zai kai ka har ƙofa. Sharrin maƙwabta ne, amma irin sharrin nan da ba ya rasa ƙamshin gaskiya. Tun tana 'yar budurwa, lokacin da mahaifinta ya taso da su daga Borno ya kafa makarantar allo a unguwar, Fanna ke cin goro tana goga furen taba, har bakinta ya rine ja wur. Haƙora suka yi ta yi mata sallama ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ko a jikinta. Ta sayi magogi, ta goge goron ya yi laushi, ta dumbuza a kunci, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Bayan goro, abu ɗaya ne ya dame ta a duniya, shi ne Ɗalha. Ɗan ƙaninta ne, iyayensa sun rasu yana rarrafe, a bayanta ya girma. Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta kuma taɓa zama ta yi kukan haka ba, don a ganinta an ba ta. Sunan mahaifinta ya ci, saboda haka bakinta bai taɓa furta Ɗalha ba, Ɗanbaba take ce masa. Kullum safiya kafin ya fita sai ta kama kansa, ta karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ta tofa masa. Da tofin nan ya yi firamare, da shi ya gama sakandare, ko ƙwarzane bai taɓa kawowa gida ba.

To, ka san duniya da iya tsokana. Duk ayyukan da ke birnin Kano, yaron nan bai tashi zama komai ba sai duba-gari. Ya sa kakinsa ya bi lungu lungu yana leƙa kwatami, yana yi wa masu abinci faɗan ƙuda, yana hana mutane tofar da yawu a hanya. Wata ranar da yamma ya dawo, ya zauna a bakin tabarmarta yana ta murza hula a hannu.

"Gwaggo, don Allah tofin nan a bar shi haka nan. Yawu yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, tarin fuka ma ta nan yake yawo. Ni ne mai hana mutane, a ce kuma kullum da shi nake fita a ka?"

Ta dakata da gugar goro ta dube shi. "Yawun nawa ne cuta, Ɗanbaba?"

"Ba haka nake nufi ba. Ki yi addu'arki daga zaune, Allah yana ji. Ai rigakafi ya fi magani."

"To ni da can me nake yi in ba rigakafin ba?"

Bai bar ta ba sai da ta ce ta bari, ya kuma sa ta maimaita. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta nuna ba.

Alkawarin ya kwana, bai wuni ba. Ranar farko da ya fita haka nan gayansa, sai ta ji kamar ta tura shi kasuwa ba riga. Ta kasa zaune ta kasa tsaye, goron ma lami ta ji shi. Kafin la'asar ta samo dabara. Soron gidansu duhu ne ko da rana tsaka, kuma kullum sai Ɗalha ya sunkuya ya ɗaga ƙafar babur ɗinsa kafin ya tsallake dokin ƙofa. Sai ta riƙa bin sa wai za ta tura ƙyaure. Yana sunkuyawa, ta riga ta gama karatunta a zuci, sai ta tofa masa a tsakanin kafaɗu, a hankali, kukan ƙyauren ya rufe sauran. Abu ɗaya ba ta wasa da shi, sai ta ɗauki buta ta kurkure baki fes tukuna. A lissafinta ba ta ci amanar kowa ba. Shekaru suka tafi a haka, shi yana alfahari da tsafta, ita tana alfahari da tofi, gida lafiya lau.

Ranar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Asabar ce, garin kuwa tun sassafe ya ɗauki zafi da hayaniya. Kowace rediyo a unguwar magana ɗaya take yi. An umarci ma'aikata su je wajen rantsar da sabon gwamna, Ɗalha ya ajiye kaki ya fito da sabuwar babbar rigarsa ta farar shadda, wadda ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Wajen karya hula da gyara ta a madubi ya makara. Ita kuma Fanna ta cika kunci da jan goro ke nan, mai kyau, ɗan yayi, sai ta ji ya doki ƙafar babur a soro. Ranar taro ai ita ce ranar tsautsayi, in akwai ranar da ba za a bar yaro ya fita haka ba, to yau ce. Buta tana can bakin rijiya, shi kuwa har ya sunkuya. Ta taho da sauri tana haɗa ayoyin a guje, ta tofa masa sau uku, da ƙarfi ma, saboda girman ranar.

Soro duhu, idonta kuma dama ya fara hazo. Ba ta ga komai ba. Ɗalha ya hau babur ya fice da jan feshi tun daga tsakiyar baya har kafaɗar dama. Mutanen Kano kuwa, mutum zai gan ka da abu a baya ya kawar da kai don kada ya kunyata ka.

Bayan azahar maƙwabciyarta Hajo ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu, tana salati. Da ƙyar Fanna ta tsinci maganar. Wai bayan an tashi daga taro, samarin jam'iyyu biyu sun kaure a Ƙofar Nassarawa, an sari wani mutum da adda a ka, yana asibiti bai san inda yake ba. 'Yan sanda sun kwashe duk wanda cunkoso ya tsare a wurin. An tantance an saki kowa, ban da Ɗalha, don an ga jini a rigarsa.

Fanna ba ta san lokacin da ta sa takalmi ba. A caji ofis ta tarar da shi a bayan kanta, daga shi sai singileti, ya yi zuru-zuru. Wanda ke riƙe da maganar wani ƙaton mutum ne mai gashin baki, Sajan Isyaku, ba mugu ba ne, amma ya gaji da jin rantsuwa. Ya ɗauko rigar ya baza a kan tebur.

"Iya, dubi nan. Wanda ya ɗaga adda ya sara, ya sake ɗagawa, jinin da ke bakin addar a bayansa yake sauka, feshi-feshi kamar haka. Shaidu sun ce mai farar riga ne. Yau kowa farar riga ya sa, na yarda, amma ba kowa ke da wannan ba. Ku dai yi addu'a mutumin ya tashi, in ya cika, maganar ta zama ta kisan kai."

Ɗalha ya ce, "Wallahi Gwaggo ban san daga ina ya zo ba. Ko kusa da faɗan ban je ba."

Ta ce a miƙo mata rigar. Ta kai ta dab da idonta mai ɗan dama-dama, sannan ta kai hanci. Nan take ta gane. Wanda ya shekara hamsin da abu ai ba ya ɓace masa, ko a duhu. Ta dubi yaron, ta dubi rigar. In ta yi shiru, ga inda maganar ta nufa. In ta yi magana, zai san shekara da shekaru tana yi masa abin da ta ce ta bari. Ba ta daɗe tana aunawa ba, ranar wanka ba a ɓoye cibi.

"Ɗan nan, wannan ba jini ba ne. Goro ne. Ni na tofa masa da safe a soro, ban kurkure baki ba."

Ɗalha ya ɗago kai a hankali. "Tofi, Gwaggo? Ba kin ce kin bari ba?"

Ta kawar da kai. Sajan Isyaku kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce a teburin nan an ce masa jinin rago ne, an ce manja ne, an ce zoɓo ne, wata ma ta ce jan biro ne ya fashe, amma yau ya fara jin na tofi. Kowace uwa da irin tatsuniyarta. Da ya gama dariyar ya share ido, ya ce da a watan jiya ne, da tuni an wuce wurin. Amma yanzu an ce farar hula, an ce lauyoyi da 'yan jarida, mai gidansu ya ce komai sai da hujja. Za a kai rigar ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati, abin da suka faɗa shi ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa Fanna daɗi ba. Kullum ta kai masa tuwo, ya karɓa ya ce an gode, ya juya fuska bango. Wannan ya fi mata zaman nasa a can ciwo. Ita da ta tashi tsare shi, ita ta kai shi da bakinta, garin neman gira an rasa ido. Ta ɗaure magogi da sauran goron a tsumma ta cusa ƙarƙashin gado, ta ce ita da shi har abada. Kanta ya yi ta sara, ta yi ta hamma, ta yi wa kajin Hajo faɗan da ba su ci ba. Hajo ta ce, "Ke dai ki ci goronki, ba shi ya kama yaro ba." Fanna ta ce a ƙyale ta.

Ana nan sai ga Sajan Isyaku da kansa a ƙofar gida da hantsi. Ya ce malamar ɗakin gwaji ce ke son ganinta, kuma ta ce lalle ta taho da goronta da duk abin da take ci da shi. Fanna ta durƙusa ta jawo tsumman daga ƙarƙashin gado, tana cewa ita dai umarnin hukuma take bi.

Ta yi zaton za ta tarar da wani tsohon likita mai furfura. Sai ga mace, ba ta wuce sa'ar Ɗalha ba, da farar rigar aiki a kan atamfa, da tabarau, da lallen da ya fara goguwa a yatsu. Ta russuna ta gaida Fanna, ta ce sunanta Bahijja, ta jawo mata kujera. Ɗakin cike yake da kwalabe da warin magani. A gefe ga wata babbar na'ura kamar akwatin lefe an lulluɓe ta da leda, ga fanka a sama ta yi tsit.

Bahijja ta ce, "An ɗauke mana wuta tun safe, babbar tana barci. Amma akwai kakarta, ita ba ruwanta da wuta, rana take so."

Ta shimfiɗa rigar, ta ɗauki almakashi ta yanko wurin tabon kamar faɗin farce. Fanna ta dafe ƙirji.

"'Yar nan, sabuwar shadda ce fa!"

"Iya, gara rigar ta yi ƙofa da a rufe wa mai ita ƙofa."

Fanna a ranta ta ce yarinyar nan an yi mata tarbiyya. Bahijja ta jefa ƙyallen a wata siririyar kwalba, ta zuba ruwan gishiri, ta yi ta kaɗawa har ruwan ya ɗauki ja-ja. Sannan ta buɗe wani akwatin katako ta fito da bututun tagulla mai ƙafa, da gilashi a kowane baki, ta kafa shi a kan tebur yana kallon taga.

Ta yi bayani yadda tsohuwa za ta gane, ba tare da ta mai da ita yarinya ba. Ta ce hasken ranar nan da muke gani fari, launuka ne a cure, irin na bakan gizo, bututun nan warware su yake yi. Kowane abu kuma in haske ya ratsa shi, akwai launin da yake haɗiyewa, kowa da nasa rabon. Jini wurin cinsa sananne ne, tsakanin ruwan ɗorawa da kore, yana barin baƙaƙen layuka biyu. Ido zai iya ruɗuwa da ja, don ja suna da yawa, amma layukan nan jini kaɗai ke da su a wurin.

"Sai dai kafin ki yarda da babu, gara ki fara ganin akwai. Sajan, a taimaka mana da ɗan yatsa."

Sajan Isyaku ya ja da baya. Mutumin da ya gama ba da labarin adda da sara, sai ga shi yana tambaya ko allurar sabuwa ce. Wanzami dama ba ya son jarfa. Ya miƙa hannu ya juya fuska wajen ƙofa, aka ɗan tsikare shi ya ce wash. Bahijja ta ɗiga ɗigo ɗaya a kwalbar ruwa, ta sa ta tsakanin taga da bututun, ta daidaita, ta ce Iya ta matso.

Fanna ta rufe mugun idon da tafin hannu, ta kafa mai dama-daman. Da farko duhu ta gani. Can sai ga shi. Bakan gizo sosai, kwance a cikin bututu, ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, tas, ba hadari ba ruwa. Rabon da ta ga launi ya fito mata haka tun kafin idonta ya fara hazo. Daɗi ya kama ta har ta manta abin da ya kawo ta.

"Ikon Allah! Wa ya sa shi a ciki?"

"Duba wajen koren, Iya. Me kika gani?"

"Ga wasu baƙaƙe biyu nan tsaye, kamar an gitta tsinken tsintsiya."

"To, jinin Sajan ke nan."

Bahijja ta cire kwalbar ta sa ta rigar. A nan ne tsoro ya kama Fanna. Ta san goronta, amma wa ya sani ko a cikin turmutsutsun nan jinin wani ya fallatsa a kan nata tofin? Ta yi bisimilla ta leƙa. Gefen shuɗin ya dushe, amma koren yana nan fes, ba tsinke ko ɗaya. Bahijja ta ɗiga wani magani a kwalbar, ta ce ko jini ya bushe ya tsufa, in ya ji wannan sai layukansa sun fito. Suka jira. Ta leƙa, Fanna ta leƙa, Sajan ma ya sunkuya yana tsotsar yatsa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Ba a tsaya nan ba, sai da ta yanko daga kafaɗa, ta yanko daga ƙasan tabon, Fanna tana kawar da kai duk lokacin da almakashi ya yi ƙara. Duk ɗaya. Gani ya kori ji.

Fanna ta fara gyara mayafi za ta tashi, Bahijja ta ce saura. Cewa ba jini ba ne rabin magana ne, alƙali zai tambaya to mene ne. Tana so Iya ta ci goro yadda ta ci ran nan, ta tofa a kan farin ƙyalle yadda ta tofa, a gwada a gani ko sun yi daidai.

Wannan aiki kam ba a sha wahalar roƙonta ba. Ta kwance tsumma, ta zaɓi ja, ta goge, ta dumbuza a kunci. Ciwon kan da ya kwana biyu yana sara ya kama gabansa nan take. Bahijja ta kafa ƙyallen a jikin allo, ta ce bisimilla. Fanna ta dubi ƙyallen ta girgiza kai.

"Ni fa ba na tofi haka kawai, sai ka ce wata marar tarbiyya. In tofi kike so, sai da karatunsa."

Bahijja ta danne dariya ta ce ai yadda aka yi ran nan ake so. Fanna ta gyara tsayuwa ta ɗauko Ayatul Kursiyyu tun daga farko, wannan karon ba gudu, ta bi da Falaƙi da Nasi. Ta roƙa wa Ɗanbaba mafita, ta roƙa wa wanda aka sara lafiya, ta haɗa da 'yar nan mai tabarau da iyayenta. Sajan Isyaku bai san lokacin da ya cire hula ya ce amin ba. Sannan ta tofa, sau uku. Feshin ya sauka a kan ƙyallen, Sajan ya dube shi, ya dubi bayan rigar, ya ce, "Kai!"

Kamar jira ake yi, fanka ta motsa, daga waje aka ji ana cewa an kawo wuta. Bahijja ta yaye ledar babbar na'urar. Ita ba a leƙa ta, zane take yi a takarda, layi mai hawa da sauka kamar tudu da kwari. Na jinin Sajan ya fito da tsinannun tuddansa. Na rigar ya fito daban. Na sabon tofin ya fito, Bahijja ta ɗora takardun biyu ta ɗaga su a taga, layin ya hau kan layi kamar ɗaya. Ta ƙara da wani ɗan gwaji da ruwan sitaci, ta ce yawu yana cinye sitaci, shi ya sa in an mai da cokalin da aka sha cikin koko yake tsinkewa. Fanna ta ce wannan kam ta sani, ba ta dai san gwamnati ma ta sani ba. Tabon rigar ya cinye sitacin.

"Yanzu za ki sake shi?"

"Ni ba na kamawa ba na saki, Iya. Abin da na gani zan rubuta, ba ƙari ba ragi. Babu jini a rigar nan, yawu ne da goro." Ta ɗan yi murmushi tana wanke hannu. "Kakata ma haka take yi mana in za mu jarrabawa. Ita dai farin goro take ci."

Takardar ba ta kwana biyu ba aka saki Ɗalha. Mutumin da aka sara ma ya farfaɗo, har ya faɗi wanda ya sare shi. Unguwa ta cika gidan da barka, Hajo ta yi guɗa, labarin tofi kuwa ya kai har Ƙofar Kabuga, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Da mutane suka watse bayan la'asar, Ɗalha ya zauna a bakin tabarmarta da rigar a cinya, yana sa yatsa a ƙofofin da almakashi ya bari. Sajan ya riga ya ba shi labarin ɗakin gwajin kaf, ban da maganar allura.

"Tun yaushe, Gwaggo?"

"Tun kwana biyu da alkawarin."

"Kullum?"

"Kullum. Ran nan ne kawai buta ta yi mini nisa." Ta dubi rigar. "Ka yafe mini, Ɗanbaba. Yanzu kam na bari, bari na gaskiya."

Ya ninke rigar, ya shiga ɗakinsa da ita.

Da safe ta cika alkawari. Ta zauna a kan gadonta, ta karanta abin da ta saba, ta shafa a fuskarta ita kaɗai. Tana jin sa yana goge takalmi, tana jin ya ratsa tsakar gida, ya shiga soro, ya doki ƙafar babur. Ta riƙe bakin gado da hannu biyu don kada ƙafa ta ci amanarta. Kukan ƙyaure kawai take jira. Shiru. Ta ƙara kasa kunne, har yanzu shiru.

"Gwaggo, ina makara fa!"

Ta fito tana laluben bango, ta ɗauka wani abu ya manta. A bakin soro ƙafarta ta taɓa wani abu mai sanyi. Buta ce, cike da ruwa, an ajiye ta daidai inda za ta gani. Shi kuwa yana ciki cikin kakinsa, ya sunkuya a kan babur, ya ba ta baya, ya kafe a haka kamar mai gyaran wani abu.

Bai juyo ba ya ce, "A dai kurkure tukuna."

Fanna ta ɗauki butar, hawaye na bin kuncinta, tana dariya. Ta kurkure sau uku, ta ƙara na huɗu don ta tabbata. Ta karanta a bayyane, abin da ta shekara da shekaru ba ta yi ba, ta tofa masa a tsakanin kafaɗu. Ya ce amin, ya ɗaga babur ya tsallake dokin ƙofa, ita kuma ta tura ƙyaure ta koma neman magoginta.